Rabon Bango

Sati uku ke nan da na fito ƙofar gida da butata ran wata Asabar, na tarar an ci lungunmu da yaƙi. Samari da 'yan mata sun fi ashirin, kowa da koriyar riga mai rubutu a baya, da safar hannu, da takunkumi a hanci kamar masu shiga ɗakin tiyata. Shebur sabo fil, baro sabo, manjagarar ko ƙasa ba ta taɓa gani ba. Mutum uku na aiki, biyar na ɗaukar su hoto. Aka ce mini 'yan sa kai ne, sun zo gyara unguwa saboda damina. Na ce madalla. Ni Tanimu tela, da na bar elementare a aji uku ranar da aka kawo lissafin rabawa, wane ni in koya wa mai digiri riƙon tsintsiya?

Bari in yabe su tun da wuri, kada a ce tsoho bakinsa ba ya faɗin alheri. Sun yashe kwata. Kwatar da ta shekara biyar tana gaishe mu da wari, sun fito da kayan cikinta kaf, har da wani takalmi ƙafa ɗaya da nake zargin nawa ne. Sun dasa furanni a bakin masallaci, sun shafa wa duwatsu farar ƙasa. Da nan suka tsaya, wallahi ni zan saya musu ruwan sanyi.

Sai suka zagaya kangon bayan masallaci.

Kangon nan gida ne da ya rushe tun ban san kaina ba. Doguwar katangar ƙasa kaɗai ta rage a tsaye, kuma duk damina tafasa da lalo da gasaya suke fitowa a gindinta, kore shar. Warin ne ya fara iso ni kafin in ga abin. Ina leƙawa sai ga wani ƙato da tankin feshi a goye, yana bin gindin bangon yana fesa maganin ciyawa, har yana fito.

"Kai! Kai mai goyon nan, tsaya!"

Shugabansu ya taho da sauri. Mubarak sunansa, ɗan unguwar nan ne, ni na ɗinka wa ubansa rigar aure. Yanzu an ce injiniya ne. Ya rusuna, ba zan yi masa ƙarya ba.

"Baba, ina kwana? Lafiya dai?"

"Lafiya ce ta sa na yi gudu har hulata ta faɗi? Wa ya ce ku taɓa nan?"

"Baba, ai ciyawa ce. Nan sauro yake taruwa. Har maciji an ce an gani."

"Macijin ya kai maka ƙara ne? Nan ba a taɓa shi. Rabon bango ne. Ciyawar nan ita ke riƙe gindin katanga kada ruwa ya ci."

Ya yi wani murmushi irin wanda ake yi wa marar lafiya.

"Baba, ai akasin haka ne. Ciyawa danshi take tarawa, danshin ne yake cin gindin gini. Shekara biyar na yi ina karanta wannan."

Ka ji ja'iri. Kuma gaskiya ya faɗa, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Ƙaryar da ta yi wa unguwar nan aiki tun kafin a haifi kakansa, ya tsaya a gaban mutane ya rushe ta da numfashi ɗaya. Allah ya taimake ni maganin nasu ya ƙare a rabin bango. Suka ce Asabar mai zuwa za su dawo su ƙarasa.

To ga abin da ban iya faɗa masa ba. Akwai gida a lungun nan da tukunyarsu ta rana daga gindin bangon nan take fitowa. Na san gidan. Ba zan faɗa ba, ko a takardar nan. Maigidan farar rigarsa kullum a wanke a goge, a sahun gaba yake salla, in ana rabon faɗa shi ake kira. Tsadar nan ta kwantar da shi yadda ta kwantar da mutane da yawa, amma ya gwammace a ɗauke shi a makara da a ce an sani. Ni mai fita da asuba ne, kuma na san bambancin kan tafasar da akuya ta ci da wanda yatsa ya tsinka.

Ba a makaranta na koyi wannan bambanci ba. Da hannuna na saye shi, a daminar da ta biyo bayan babban farin nan, ina saurayi ɗan shekara ashirin, ina koyon ɗinki.

Wanda bai ga bazarar shekarar ba kada ya ce mini ya san zafi. Kan zare ka sa a baki don ka zura allura, kafin ya kai ga allurar ya bushe. Ƙasar lungu ba ta takuwa da tsakar rana ko da fata a ƙafa. Rijiyar gidanmu sai an ƙara igiya biyu, a jawo guga rabinsa laka, a ajiye ya kwanta kafin a sha. Rumbunan mutane tun kafin watan shuka aka share su da tsintsiya. Ruwa ya sauko sau biyu, aka ruga gonakin bayan ganuwa aka zuba ɗan irin da aka ɓoye, sai ya ɗauke ƙafa. Dawa ta tsiro ta nannaɗe ganye. Muka fita roƙon ruwa da riguna a juye, tsofaffi na kuka, muka dawo rana na dukan ƙeyarmu.

A gidanmu ga yadda yini yake tafiya. Da safe Inna, mahaifiyata, ta dama kunu, wanda in ka leƙa kwanon kana ganin fuskarka a ciki. Da rana babu, sai a ce wa yara su je su yi wasa. Da yamma ta ɗauko wani ɗan ƙoƙo da a da barkono ake aunawa da shi, ta auni garin rogo da dusa sau huɗu, ta tsaya ta dube mu, ta mayar da rabin na huɗun. Bayan la'asar kuwa duk lungu sai ka ji turmi na tashi, gida-gida, kamar ana shirin biki. Na daɗe kafin in gane ƙarar turmin da babu komai a cikinsa. Ta fi ta mai hatsi kaifi. Mata ne suke daka iska don maƙwabta su ji an yi daka.

Da ruwan ya tashi dawowa kuma sai ya dawo da fushi. Marka ta kama, kwana da kwanaki ba a ga rana ba. Soraye na yoyo, tabarma na warin danshi, itace ya ƙi kamawa sai hayaƙi. Yunwar marka ta fi ta bazara mugunta, don ko'ina kore ne, ido na ganin albarka, ciki na kuka. Gero bai nuna ba, dawa da sauranta. Ciyawa ta rufe lunguna, sauro ya yi mana sarauta. Sai aka ce dubagari zai zagayo, mai unguwa ya sa aka yi shelar gayya.

Gayyar da na sani a da, da ganga ake yi, da fura a manyan ƙwarya. Ta wannan shekarar ba makaɗi, don shi ma ba shi da ƙarfin ɗaga gula. Ruwan tsamiya aka jiƙa a randa, ba gero ba zuma. Mai jan ragamar aikin Baba Audu magini ne, wani gajeren tsoho mai faɗa kamar zakara. Ya tsara mu yadda aka saba: a fara da kwata daga inda take zuba a kududdufi, a hauro lungu, a share filin masallaci, kango ne ƙarshe. Magidanta sun ɗaure ciki da rawani, in mutum ya sunkuya ya ɗago sai ya dafa fartanya ya jira jiri ya wuce. Da muka iso kango Baba Audu ya auna kamu uku daga katanga, ya ja layi da diddige.

"Daga nan ba a wucewa. A bar wa bango rabonsa."

Na ce, "Baba, don me?"

"Ita ke riƙe gindinsa."

Ni kuwa a lokacin ji nake aji ukun nan nawa ya fi ƙarfin kan duk wanda ke wurin. Na ce a raina, tafasa ce za ta riƙe katanga? Wannan ai camfin tsofaffi ne, kuma dubagari na zuwa ya ga an bar daji. Da aka kira azahar kowa ya tafi alwala, sai na maƙale. Na sa lauje na kwantar da ita tun daga wannan kusurwa har waccan. Ban tsaya nan ba, don jakin da ke kaina ba ƙarami ba ne: na bi da fartanya na kankare, na kwashe a kwando na zubar a kududdufi. Na tsaya ina haƙi ina jiran yabo.

Suka fito daga masallaci suka yi cirko-cirko. Ba wanda ya zage ni. Baba Audu, mutumin da in ka karkata tubali ɗaya sai ya ambaci kakanninka, ya dubi ƙasar nan tas, ya dube ni, ya ce a hankali, "Sannu da aiki, Tanimu. Boko ya yi rana." Ya saɓa fartanyarsa ya tafi. Ni har na ji daɗi.

Washegari bayan sallar asuba na biyo ta wurin don in ƙara kallon aikina. Sai na tarar da Gwaggo Hansai a tsaye. Yayar Malam Yahuza ce, tsohuwa tukuf. Yahuza ba sunansa ba ne, na sauya, jikokinsa na nan da rai. Malami ne na manyan littattafai, tun daga Limancin Kona, unguwar malamai, ake zuwa ɗaukar karatu a zaurensa, mai unguwa kansa sai ya tuɓe takalmi. Tana tsaye a yayyafi, ƙwarya na leƙowa ta ƙarƙashin mayafinta, tana kallon inda na kankare. Da ta ji motsina ta tura ƙwaryar ciki.

"Ɗan nan, ba ka ga wata kaza wake-wake ta biyo nan ba?"

Na ce ban gani ba. Na koma gida ina ba Inna labari, har ina dariya, na ce Gwaggo Hansai ta fara ruɗewa, gidan da aka yi wata uku ba a ji kukan kaza ba. Inna na tsugune tana fama da jiƙaƙƙen itace. Ta miƙe, idonta jajir da hayaƙi.

"Kai ne ka share gindin bango?"

"Ni ne mana. Ni kaɗai."

"Mutum goma sha ɗaya ne a gidan Malam, Tanimu. Wata biyu ke nan ganyen nan suke ci."

"To me ya hana su faɗa?"

Tun da na balaga ba ta taɓa ni ba sai ranar. Har yau in ana sanyi kunnen nan na hagu yana tuna mini.

"Su faɗa wa wa? Mutumin da ake durƙusa wa ne zai fito ya ce ku bar mini ciyawa in ci? Kowa ya sani, shi ya sa ba wanda ya sani. Kai kaɗai ne mai ilmin da ya hana ka ganewa."

Hukuncin da ta yanke mini shi ne, kullum ana idar da asuba in fita ta Ƙofar Kona da buhu, in ciko shi da tafasa, in zo in juye a gindin bangon kamar shara ce na kwaso daga wani wuri. Kada in yi sallama da kowa, kada in waiwaya. Kusan sati uku na yi ina wannan. Laka har gwiwa, ruwa na bin ƙeya, ciki ba komai, kuma kusa da gari duk an riga ni, sai na yi nisa. Warin ɗanyar tafasa ya kama hannuna, ko na wanke da toka yana nan. Mu ma ita muke ci, a dafa da kanwa a matse, ba ƙuli ba mai, gishiri ma sai an yi sa'a. Na yi wa kaina alkawari in Allah ya fitar da mu ba ni ba ita har abada.

Kwana biyu a ciki zazzaɓi ya kayar da ni ban je ba. A cikin markar nan aka fitar da gawar wata 'yar yaye daga gidan Malam. Yara da yawa sun tafi a shekarar, har a gidajen da ke da hatsi. Ban ce ni ne ba. Shekara hamsin ke nan kuma na kasa cewa ba ni ba ne. A wajen jana'iza Malam ya ba ni hannu kamar kowa, ya ce Allah ya ba da lada. Har ya bar duniya bai taɓa nuna mini ya san wani abu ba.

Tafasar da na sare ta sake tohowa kafin sabon gero ya shigo. Lauje da fartanya duk suna barin saiwa. Wadda yaran nan suka fesa kuwa, na je na duba ran Talata, ta yi rawaya har ƙasa, ka taɓa ta ruguje. Bana kam an gama da wannan rabin.

Ran Laraba na aika aka kira mini Mubarak. Na ba shi tabarma, na sassauta murya, na ce ya bar batun danshi, akwai masu cin ganyen nan. Yaron ya dafe ƙirji, kuma na yarda har zuciyarsa ne.

"Subhanallahi! A unguwar nan? Baba, faɗa mini gidan. Muna da tsarin tallafi. Gobe-gobe mu kai musu shinkafa, mu ɗauki bayanansu."

"Da hoto?"

"Ai dole, Baba. Masu ba da gudummawa suna son su ga inda kayansu suka je."

"In ban faɗa ba fa?"

"To kwamiti ba zai yarda a bar ciyawa a kan an ce an ce ba. Mun riga mun sayo furannin wurin."

Furanni! Mutanen da na taso a hannunsu ba su san baƙi ko ɗaya na boko ba, amma sun gano yadda za a ciyar da mutum ba tare da an kalli idonsa ba. Waɗannan sun je har jami'a sun koyo cewa ba a ba mayunwaci loma sai ya riƙe buhu ya kalli waya ya yi murmushi. Na kore shi. Na ce ya tashi mini daga tabarma kafin in manta ni na yi wa ubansa rigar aure. Matata Ladi na jin mu daga tsakar gida, ta ce, "Malam, hawan jininka dai." Na ce ya hau, ai ba haya yake biya ba.

Asabar ta zo. Kafin su iso na sa babbar rigata, na ɗauki kujera da kwanon sha, na je na zauna a gaban rabin da ya rage. Suka taho da tankinsu da tirensu na furanni. Na jira sai da masu wayar suka ɗaga wayoyinsu, don na lura ba a fara komai sai sun shirya.

"Kuna neman mai cin ciyawar nan? Ga shi a zaune. Ni ne. Ni Tanimu. Da ita nake rana, da ita iyalina suke rana. Mai feshi ya matso ya fara ta kaina."

Wata yarinya ta sauke wayarta, Allah ya yi mata albarka. Sauran ba su sauke ba. Mubarak ya ce, "Haba Baba, kai da ɗanka Yaya Kabiru yake..." Na ce Kabiru ne ke zaune a nan ko ni? Suka koma gefe suka yi ƙus-ƙus, aka sauke tanki. Furannin can suka kai su bakin titi, inda awaki suka yi musu godiya.

Kabiru ɗana ne na fari, ma'aikaci ne, yana zaune a Tukur-Tukur. Duk wata sai ya aiko mana da abinci har mu bayar. Ran Litinin ya zo ko zama bai yi ba.

"Baba, a ofis ake nuna mini kai a waya. Ana cewa ga uban wane yana cin ciyawa. Me na rage ka da shi? Faɗa mini abin da na yi."

Idonsa ya kawo ruwa, mutum mai 'ya'ya huɗu. In na faɗa masa, zai faɗa wa matarsa don ya wanke kansa, kuma yana da gaskiya, daga nan magana ta fita. Na ce, "Ba ka rage ni da komai ba. Marmari nake yi." Ya juya ya shiga mota. Har yau bai kira ni ba. Wannan ma na rubuta shi a wuyan masu koriyar riga, ko sun sani ko ba su sani ba.

Shinkafar tasu ta iso, buhu guda, na riƙe na kalli waya na yashe haƙoran da suka rage mini. Ladi ta ja buhun ciki. Inda ya bi daga nan ban tambaye ta ba, ita ma ba ta tambaye ni komai ba. Abu ɗaya ta ce: "Tunda ka faɗa a gaban duniya kana ci, sai ka ci, kuma a inda za a gan ka." Ta fi ni gaskiya, yaran na zagayowa. Don haka kullum da hantsi, ni da na yi shekara hamsin ina kauce wa ko warinta, nake zama a dakali da kwanon kwaɗon tafasa ina turawa ina tsine wa digiri. Masu wucewa na gaishe ni da muryar ta'aziyya.

Jiya ina cikin wannan azaba sai ga maigidan nan ya biyo, rigarsa fara ƙal, carbi a hannu. Akwai mutane a dakalin. Ya tsaya, ya dubi kwanon, ya girgiza kai yadda kowa ke yi.

"Malam Tanimu, ashe abin ya kai haka? Allah ya kawo sauƙi."

Na haɗiye lomar da ƙyar. Na ce, "Amin, Alhaji. Bismilla mana."

Ya ce, "Alhamdu lillahi. Yanzu na tashi daga kan abinci."